Fuskar Ɗan Fari

Tun da na dawo daga Indiya ban samu na ci tuwo da zafinsa ba. Wannan ta shigo barka da zuwa, kafin ta fita waccan ta yi sallama, kuma tambayar duk ɗaya ce: "Malama, yaya ƙasar take? Da gaske ne a kan titi suke rawa?" Na ba matan Yammedi labari, na ba tsofaffin abokan aikina na firamare, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rawa dai ban ga ko ɗaya ba. Wata takwas na yi, mafi yawan abin da na gani bango ne da fanka. Akwai kuma wani abu da na kasa faɗa wa kowa da baki, wataƙila alƙalami ya fi ni ƙarfin hali.

Ga wanda bai san dalilin tafiyar ba, ɗana na fari mai walda ne a Rogo. Shekara uku da suka wuce tukunyar gas ta fashe masa a wurin aiki. Allah ya bar masa rai da idanu, amma hanci da leɓen sama da gefen kunci duk sun tafi. Aka yi ta yi masa aiki a Kano, ana yanko fata daga cinyarsa ana liƙawa, har likitan ya ce iyakar abin da za su iya ke nan. Tun daga lokacin ba ya fita sai da rawani, ya naɗe har ƙasan ido. Likitan nan ne ya aika hotunansa ga wata malamarsa a kudancin Indiya, wadda ita da abokan aikinta suka saba dashen hannu, suna kuma shirin fara na fuska. Suka ce a kawo shi.

Kun lura ban faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci. Ranar da aka yaye shi kakarsa Iya ta goya shi ta tafi da shi Rogo Ruma, can ya girma. In ya zama dole sai in ce "ɗan Iya", shi kuma Yaya yake kirana, yadda ya ji ƙannena suna yi. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina kallon tabarma, shi yana kallon takalminsa, a minti biyu mun gama. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani, ban taɓa jin ciwon abin ba. Har yabona ake yi, ana cewa Malama akwai kara.

Da aka zauna neman mai rakiya sai aka rasa. Iya ta rasu, mahaifinsa ma haka, matarsa Bilki na da tsohon ciki, ƙannensa mata ne duk suna ɗakin mazansu. Sai ido ya dawo kaina, tunda na yi ritaya, kuma ina jin Turanci daidai na koyar da 'yan aji shida. Na ce to. A raina kuwa na ce ta yaya za mu zauna mu biyu?

Motar Karaye zuwa Kano ta raba mana gardama. Ya shiga gaba kusa da direba, ni aka cusa ni baya tsakanin buhun gyaɗa da wata mata mai kaji uku a kwando. Har muka isa ba abin da ya haɗa mu sai ruwan leda da ya miƙo mini ta kan kafaɗarsa. A filin jirgi wata ma'aikaciya mai kaki ta karɓi fasfona ta ce, "Hajiya, jinya za a raka? Wa kike rakawa?"

Na ce, "Wancan."

"Sunansa fa?"

Na miƙa mata fasfonsa na ce ta duba. Ta dube ni, ta dube shi, ta yi dariya ta ce, "Na fari ne ko? Allah ya ba da lafiya, Hajiya, a dawo lafiya." Ta buga hatimi. Daga ita ban sake haɗuwa da wanda ya gane ni ba tare da bayani ba, sai da na dawo.

A kowace iyaka sai sun sa ya warware rawanin don su gwada fuskar da ta fasfo. Da zarar ya kai hannu sai in juya ina gyara jaka. A Habasha, inda muka canja jirgi, wani matakali mai tafiya da kansa ya kusa kai ni ƙasa, takalmina ɗaya ya riga ni isa sama. Ɗan Iya ya ɗauko ya ajiye a gabana, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi a cikin rawani, na yi kamar ban gani ba. A Indiya kuma kayan miyata ne suka jawo mini. Jami'in ya buɗe gwangwanin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokan aikinsa biyu su ma su sansana. Na rantse musu miya ake yi da ita, suka ƙi yarda ɗan Adam zai ci wannan. Suka riƙe daddawar. Kuka kuwa suka bar mini, don sun ɗauka lalle ne.

Asibitin ya nema mana masauki a saman benen wata tsohuwa da mijinta ya mutu, ciki biyu da ɗan wurin girki. Kowa a unguwar Amma yake ce mata, wato uwa a yarensu. Na yi sati guda ina jin ana kwaɗa "Amma!" daga titi, ina kasa kunne in ji amma me. Ranar farko na tambaye ta ko zan iya shanya a kan rufin, ta kaɗa kai gefe da gefe. Na ce to, Allah ya ba da haƙuri, na yi kwana huɗu ina shanya zannuwana a jikin ƙyaure. Ashe kaɗa kan nan nasu shi ne "i". Wani lokaci kuma "na ji" ne, wani lokaci "mu gani".

Nama ba ya shiga gidan Amma, ko ƙwai. Shinkafa ce safe da rana da yamma, sai wata waina fara sol da ake turarawa ba a soyawa, mai ɗan tsami, ga kwakwa a cikin komai. Da kewar gida ta ishe ni na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka ba daddawa, na kai mata ta ɗanɗana. Ta ɗaga lomar tana kallon yadda miyar ke bin hannunta, ta kai baki don kada in ji kunya, ta kaɗa kai. Wannan karon na san "mu gani" ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba shanun da ke kwance a tsakiyar titi ba ne. Ɗan Amma ne. Babban mutum, da furfura da tumbi, ma'aikacin banki. Duk Lahadi sai ya zo ya kwanta ya ɗora kai a cinyarta, tana shafa masa man kwakwa a ka, tana kiran sunansa kamar tana waƙa, har abinci take ba shi a baki. Kuma shi ne na farinta! Ranar da na fara gani na rasa inda zan sa idona, na koma sama da sauri ina cewa mutanen nan ba su san kunya ba.

Wata biyar muka yi muna jira. Abin da muke jira kuwa ba shi da daɗin faɗa: wani ya mutu, wanda jininsa ya dace da na ɗan Iya, launin fatarsa ya yi kusa, danginsa kuma su yarda. Na rasa yadda ake addu'ar irin wannan. Na buga wa wani malami a Karaye waya, ya ce lalura ce, in roƙi lafiya kawai in bar wa Allah sauran. Haka muka zauna, shi a ɗakinsa, ni a nawa. Ba ya son a ga yadda yake cin abinci, saboda haka sai in ajiye kwanon a ƙofarsa in ƙwanƙwasa. In gari ya waye mana, a Yammedi ko asuba ba a kira ba, babu wanda zan buga wa. Sai in wuni Hausar da na yi ba ta wuce "lafiya lau" ba. Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa buta faɗa don ta zubar da ruwa. Na yi zaman takaba, amma ko a takaba mutane na shigowa. Kaɗaici irin wannan ban taɓa saninsa ba, ga ɗana bango ɗaya ne tsakaninmu. A cikin jiran nan Bilki ta haihu, aka yi suna, muka ji guɗa ta waya kowa a ɗakinsa.

Wata Talata bayan azahar aka bugo daga asibiti. Aka shiga da shi da la'asar, ba a fito ba sai washegari da hantsi. Ba a faɗa mana ko wane ne mamacin ba, ba sa faɗa. Abin da na sani kawai saurayi ne. Ina zaune a barandar asibitin na yi ta tunanin uwarsa, wadda na tabbata ta san wannan hancin kamar yadda ta san tafin hannunta.

Sati biyar ya yi a kwance, kullum ma'aikata na kansa. Ranar sallama babbar likitar, wata siririyar mata mai furfura da tabarau, ta zaunar da ni a ofishinta ta ɗauko takarda tana zane. Ta ce a cikin jinin kowane mutum akwai wasu fararen ƙwayoyin halitta da aikinsu sintiri ne. Kowace ƙwayar naman jikinka tana ɗauke da alamar gidanku. 'Yan sintirin nan suna bi suna dubawa, in sun ga alamar gida su wuce, in sun ga baƙuwa su kira 'yan'uwansu a taru a kanta. Haka suke kare mu daga cuta, kuma haka za su yi wa sabuwar fuskar, don ba su san an kawo ta taimako ba.

Na nuna mata tsagar da ke kuncina na ce, "Mu ma da haka ake gane ɗan gida."

Ta cire tabarau ta duba da kyau, ta ce wallahi kamar haka ne. Ta ce magungunan da zai sha har ƙarshen ransa suna kwantar da 'yan sintirin ne, ba sa kashe su, don yana bukatarsu. Wani lokaci sukan farka, kuma fata suka fi saurin far wa. In an gane da wuri ana kwantar da su, in an makara naman ya mutu. Sannan ta ce, "A jikin farar fata ja muke nema. A fatarku ja ba ya nunawa. Sai dai wuri ya ɗan ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya kumbura kaɗan. Shi ba zai ji ba, jijiyoyin ba su haɗu ba tukuna. Kullum da safe ki zaunar da shi a bakin taga, ki kalle shi minti biyar, ki ɗaga leɓen ki duba ciki, ki rubuta a nan. Ke kika haife shi, ba wanda ya san fatarsa kamar ke."

Na karɓi takardar. Na kaɗa kai irin nasu.

Washegari na jawo kujera bakin taga, ya zo ya zauna. Na tsaya a gabansa. Wallahi na yi niyya. Idona ya hau daga maɓallin rigarsa zuwa wuya, ya kai haɓa, sai ya zame ya tafi kunne. Shekara talatin da biyu ban tsayar da ido a fuskar nan ba, wuyana ya ƙi. Na ce, "Lafiya dai ko?" Ya ce, "Lafiya, Yaya." Na rubuta: babu canji. Na ce wa kaina ai yana da madubi a ɗakinsa, babba ne, zai duba. Ban san ya rufe madubin da tawul tun ranar da muka dawo daga asibiti ba. Shi kuma ya sakankance Yaya na dubawa. Za mu koma asibiti bayan sati, muka yi kwana biyar ina rubuta babu canji da kyakkyawan rubutuna na malamar makaranta.

A rana ta shida Amma ta hawo da shayi. Ita ba ruwanta, ta ajiye kofin ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, yadda take yi wa ɗanta. Sai ta saki wata ƙara. Ta finciko hannuna tana nuna gefen hancinsa tana zuba yarensu. Kafin in gane me ake ciki ta sauka ta tare mai a-daidaita-sahu.

Suka yanki ɗan ƙanƙanin nama suka kai ɗakin gwaji, suka sa masa ruwan magani a jijiya. Da sakamako ya fito likitar ta zo ɗakin da takardata a hannu. Ta ce 'yan sintirin sun cika fatar, kuma ba aikin jiya ba ne, ya kai kwana huɗu. Ta ɗaga takardar ta ce, "Me ya sa kika rubuta wannan?"

Na nemi Turancin alkunya na rasa. Duk littattafan da na koyar babu ita a ciki. Na ce, "Shi ne na farko. Ba ma kallonsu."

Ta dube ni. Ba da faɗa ba, a hankali ta ce, "Ba kya son sa ne?"

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Sai na ji murya daga kan gado, kalmomin na fita da ƙyar ta leɓen da bai saba da shi ba. Ya ce mata, "Al'adarmu ce, likita. Girmamawa ce. Ni ma ban duba madubi ba, laifina ne."

Ta ce, "Na ji. Amma 'yan sintirin jikinka ba su san al'adarku ba."

Kwana uku ana ba shi maganin kafin duhun ya fara ja da baya. An ceto fuskar, sai wani ɗan wuri a gefen hancin na hagu da ya riga ya mutu, aka yanke. Da yawanku kun ga ɗan gibin nan kun tambaye ni, na ce muku haka aikin ya zo. Ba haka aikin ya zo ba. Aikin ya yi kyau, ni ce ban duba ba.

Safiyar da aka cire masa ruwan, ba wanda ya sa ni, na ja labulen ɗakin na tsaya a gabansa. Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗago." Na kama haɓar yadda na ga Amma ta yi. Na fara da inda aka ce in duba, layin ɗinkin da ya bi gefen kunci, inda fatarsa ta haɗu da ta baƙon, ɗaya ta ɗan fi ɗaya haske. Na ɗaga leɓen na duba ciki. Daga nan ido ya ƙi tsayawa inda likita ta ce. Ashe idanun mahaifina ne da shi, har yadda girar hagu ta fi ta dama tashi. Ashe ya fara furfura a gefen kunne. A saman girar akwai wani tsohon tabo.

Na ce, "Wannan fa? Gas ɗin ne?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Jakin Iya ne ya kayar da ni, ina aji biyu. Har ɗinki aka yi."

Ba wanda ya gaya mini, ko kuma an gaya mini na yi kamar ban ji ba, don haka ake yi. Hawaye suka zubo mini, ban saki haɓar ba. Can ya ce, "Yaya, hancin ya yi kama da nawa na da?"

Na nemi tsohuwar fuskarsa a cikin kaina. Na ga rawani, na ga ƙeyarsa a gaban mota, na ga takalmansa a bakin ƙofata. Na san hotonsa na aure, amma hoto na sani, ba shi ba. Na ce, "Ban sani ba."

Ya ce, "To, wannan fuskar dai ki riƙe ta."

Sauran watanni biyun kullum da safe muna bakin taga. Har yau ba hira muke yi ba, kada ku ɗauka mun zama Amma da ɗanta. Sai dai ya fara kawo kwanonsa ɗakina, yana cin abinci a gabana, shinkafa na zubowa ta gefen leɓen yana sharewa. Ranar da za mu taho na bar wa Amma sauran kukar. Ta rungume ni, ta kama kumatunsa da hannu biyu ta sumbaci goshinsa, ni kuma na tsaya ina kallo ban juya ba.

Yanzu ya koma Rogo. An hana shi walda da zama a rana, sai ya buɗe ɗan shagon sayar da ƙarafa kusa da tsohon wurin aikinsa. Bilki ce ke dubawa kullum da safe, na koya mata, kuma ta fi ni ido. Duk wata yana zuwa Kano a ɗebi jininsa. 'Yan sintirin suna nan, an kwantar da su ne kawai, likita ta ce ko bayan shekara goma suna iya farkawa. Ni na dawo ɗakina a Yammedi, gida cike da mutane, kowa na jin Hausata. Sai dai da hantsi, lokacin da haske ke shigowa ta taga, nakan rasa abin da zan yi da kaina.

Shi ya sa kuke ganina ranar kasuwa ina hawa motar Rogo, ina ce muku gyaɗa zan sayo, ku kuma kuna dariya don kun san rumbuna cike yake da ita. Ba sayen komai nake yi ba. Shagonsa nake zuwa. In ya hango ni ba ya cewa komai bayan gaisuwa, sai ya jawo benci bakin ƙofa inda haske yake, ya cire hula ya zauna. Maƙwabtansa na kallo, wasu na ƙus-ƙus wai Malama ta baro kunyarta a Indiya. Sunan dai har yau bai fito daga bakina ba, kuma ban ce zai fito ba. Ina kama haɓar, in bi layin ɗinkin, in tsaya a ɗan gibin nan nawa, in ɗaga leɓen, in wuce har tabon jakin Iya. Ba na gaggawa.

In na saki sai ya ce, "Yaya, akwai canji?"

In ce, "Babu. Na duba."